Kundin Gran Paradiso: bin sawun awakin dutse daga masauki zuwa masauki

9 ga Fabrairu

Yau na ja layuka a sabon littafi, gida biyar a kowane shafi: rana, lokaci, tsayin wuri, irin dabba, adadi. Aiki ya fara ke nan. Niyyata in ratsa gandun Gran Paradiso da ke arewa maso yammacin Italiya da ƙafa a watan Yuli, daga ƙauyen Valnontey zuwa kwarin Rhêmes, mako guda cur, kowane dare a masauki dabam, ina rubuta duk dabbar da idona ya faɗa kanta. Tambayar da nake bi ba ta da girma. Idan rana ta take, ina awakin dutse suke shiga? Kowa ya ce sama suke hawa. To, har ina, kuma da ƙarfe nawa?

Awakin da nake nufi su ne waɗanda Italiyawa ke kira stambecco. Bunsurunsu yakan kai kilo 100, ƙahonsa ya kusa mita guda, ya lanƙwasa baya kamar takobi. Akwai kuma camoscio, wata siririya mai ƙananan ƙahoni masu ƙugiya, wadda zan riƙa rubutawa da gadar dutse, duk da na san dangin awaki ce. Sai marmotta, ƙaton kurege mai fito. Tsuntsaye kuwa duk wanda na gane zan sa shi.

Ƙanena ya yarda ya raka ni, da sharaɗin shi taswira kawai zai riƙe, kada in miƙa masa biro.

2 ga Maris

Kama gado ya ci mini mako biyu. Masaukan nan ana kiransu rifugio, wato mafaka, kuma da yawansu mallakar Ƙungiyar Masu Hawan Tsaunuka ta Italiya ne, wadda aka kafa a birnin Turin a 1863. Galibi daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba suke buɗe. Da yake dokar gandun ta hana kafa tanti inda mutum ya ga dama, inda ka samu gado nan hanyarka za ta bi. Na zana hanya tsaf a kan taswira, gadaje suka sake zana mini ita: wani dare ya koma ƙauye a gindin kwari, wani zango kuma ya ƙara tsawo.

Abin da masu masaukai suka nanata: a zo da zanin kwana na mutum ɗaya, domin bargo na kowa da kowa ne, a zo da yuro a aljihu, domin ba ko'ina na'urar kati ke samun sabis ba, sharar da ka hau da ita ka sauko da abarka. Na kuma sanar da su tun yanzu cewa abincinmu marar nama muke so, kowa ya ce ba matsala muddin an faɗa da wuri.

20 ga Mayu

Jaka ta tsaya a kilo tara bayan na fitar da rabin abin da na zuba da farko. Madubin hangen nesa mai kusanto abu sau takwas ya tsira, littafin tsuntsaye mai kauri bai tsira ba. Ina hawa bene da jakar a baya kowace safiya.

Na gwada agogon auna tsayi. Ashe ba tsayi yake aunawa ba, nauyin iska yake ji ya ƙiyasta tsayi daga nan. Na ajiye shi a kan tebur na kwana, hadari ya taso cikin dare, da safe ya ce mini na hau mita talatin ina barci. Ke nan dole in riƙa saita shi a duk allon da aka rubuta tsayin wuri, in ba haka ba gida na uku a littafina ƙarya zai tara.

24 ga Yuni

Na buga waya sama. Har yanzu dusar ƙanƙara ba ta saki mashigar Lauson da za mu haye ba, amma sun ce nan da mako biyu za ta ba da hanya. Sai jira.

13 ga Yuli, masaukin Vittorio Sella

Mun bar Valnontey da hantsi, ta gefen lambun tsirran dutse na Paradisia, muka shiga dajin larice, itace mai ganye kamar allura wanda yake kaɗe ganyensa da hunturu, saɓanin 'yan'uwansa. Hawan ya haura mita 900, amma bai ci ranmu ba. Tsofaffin hanyoyin yankin nan ba sa tunkarar dutse gaba da gaba, lallaɓa shi suke, su karkata hagu su karkata dama, an jera musu duwatsu a gefe. Ba don irinmu aka yi su ba. Sarki Vittorio Emanuele na Biyu ne ya sa aka sassaƙe su bayan ya mayar da wurin gandun farautarsa a 1856, don alfadarai su kai shi da kayansa har kusa da awakin. Shi kansa masaukin da muke ciki, a tsayin kusan mita 2,600, tsohon gidan farautarsa ne. Daga baya aka sa masa sunan wani mashahurin mai ɗaukar hoton tsaunuka.

Labarin yana ɗaure mini kai duk sanda na tuna shi. A farkon ƙarni na 19 an riga an share awakin dutse daga ɗaukacin tsaunukan Alps, ba su rage ba sai a nan, su kamar ɗari. Ba nama kaɗai ake nema a jikinsu ba: ƙaho magani, jini magani, wani dunƙule da ke taruwa a cikinsu magani, har da wani ɗan ƙashi a zuciyarsu da ake riƙewa kamar laya. An haramta farautarsu a 1821, amma doka a takarda ba ta hawa dutse. Sai da sarki ya so ya harbe su shi kaɗai, sannan aka zuba masu gadi. Wanda ya fi kowa harbinsu shi ya hana su ƙarewa. Jikansa, Vittorio Emanuele na Uku, ya miƙa wurin ga gwamnati, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1922. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo tsaro ya yi sakwa-sakwa, zuwa 1945 ɗari huɗu da 'yan kai suka rage, aka sake farawa.

Duk hawan nan littafina kurege biyu kawai ya samu. An ajiye takalma a ƙofa, an ba mu silifa, ƙarfe bakwai aka kawo miya da polenta, garin masara da aka tuƙa aka narka masa cukun fontina a kai. Muna gamawa na leƙa waje, sai ga su. Bunsurai bakwai a gangaren da ke bayan gini, suna kiwo kamar an kawo su. Wani tsoho a cikinsu ya kwanta a kan faffaɗan dutse, nesa da ni bai fi taku talatin ba, ya ɗaga kai baya ya sosa gadon bayansa da tsinin ƙaho, ya lumshe ido. Gashin hunturunsa bai gama zuba ba, ya yi faci-faci kamar tsohon bargo.

"Yaya, anya wannan ba kiwonsa ake yi ba?" in ji ƙanena.

Na sa madubi a ƙahon. Ƙulle-ƙullen da ke gaba ba su ne shekaru ba, kuskuren da kowa ke yi ke nan. Ƙaho yana tsayawa da girma kowane hunturu, sai ya bar wata siririyar tsaga da ta zagaye shi, an fi ganinta ta baya. Na ƙirga goma, ya juya kai, na rikice. Na rubuta: ƙarfe 8:25, mita 2,600, bunsurai bakwai.

14 ga Yuli, Eaux Rousses

Rana mafi wuya, kuma na san haka tun a takarda. Mashigar Lauson ta kusa mita 3,300. Tun daga ƙofar masauki ake hango inda take, ƙanena ya ce ai ga ta nan kusa. Na ce masa hangen Dala ba shiga birni ba. Ciyawa ta ƙare, aka koma tsakuwa baƙa mai zamewa, numfashi ya fara gardama. A wannan tsayi iskar da kake zuƙa ba ta wuce kashi bakwai cikin goma na ta bakin teku ba, ƙafa tana so, ƙirji yana cewa a dakata. Dab da ƙarshe hanyar ta tsuke a jikin gangare, an kafa igiya ta riƙewa. Ban kalli ƙasa ba sai sau ɗaya.

A nan ne muka ga matan awakin. Ban da lokacin barbara, wajen Disamba da Janairu, maza da mata ba sa zama tare. Matan sun fi son bango mai tsayi inda ba abin da zai bi su, musamman yanzu da 'ya'yan da aka haifa a watan Yuni suke tare da su. Uku ne, da 'ya'ya biyu, a wani wuri da ni ko da tsani ba zan je ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yi tsalle daga wani ɗan tudu zuwa wani, ya dawo, ya sake, ba don komai ba. Kofatonsu a tsage yake gida biyu, gefe da ƙarfi, tsakiya da taushi kamar roba, shi ya sa yake kama dutse. Su ne ake gani a hotuna manne a bangon madatsar ruwan Cingino suna lasar gishiri.

A kan mashigar, hankakin dutse masu rawayan baki da jajayen ƙafafu suka zagaye mu suna jiran ɓarɓashin burodi. Ba mu ba su ba. Agogona ya nuna abin da ya zarce na allo da mita arba'in. Na saita, na sa alamar tambaya a kan layin matan nan.

Gangarowa kuwa mita 1,600 ce, gwiwa ta faɗa mini abin da ke ranta. A kwarin Levionaz mun ga bunsurai biyu a inuwar dutse da alamu masu launi a kunne. Shekaru da dama masu bincike suna bin awakin wannan kwari ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa, an san shekarunsa, an san nauyinsa. Na dubi littafina na ji wani iri.

Sunan ƙauyen da muka sauka, Eaux Rousses, ma'anarsa jan ruwa. Akwai wata maɓuɓɓuga mai ƙarfe a cikin ruwanta da ta rine dutsen da take gangarowa a kai, ya yi ja kamar tsatsa.

15 ga Yuli, masaukin Chabod

Ruwa tun azahar. Ashe abin da agogo ke ƙoƙarin gaya mini jiya ke nan. Mun iso a jiƙe, ɗakin shanya kaya ya cika da warin safa. Littafi: gadar dutse babu, awaki babu, kurege biyar, dukkansu kafin ruwa.

Zan yi wa kuregen adalci tunda yau su kaɗai suka fito. Wata shida suke yi a rami, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, iyali guda a dunƙule, sun toshe ƙofa da ƙasa. Bugun zuciya yakan sauka zuwa kamar biyar a minti, jiki ya yi sanyi ƙalau. Kitsen da za su rayu a kansa duk a 'yan watannin nan ake tara shi. Ke nan duk sanda mai yawo ya sa ɗaya ya bar ci ya ruga rami, daga guzurin hunturunsa aka ɗiba. Tun da na gane haka na daina matsawa don hoto.

Da magariba gajimare ya yage kaɗan, farar fuskar dutsen Gran Paradiso ta leƙo, ta koma.

16 ga Yuli, masaukin Vittorio Emanuele II

Zangon yau gajere ne, awa uku a kan manyan duwatsun da ƙanƙara ta ture ta bari. Ginin masaukin kamar an raba ganga biyu an kifa rabi, an lulluɓe da ƙarfe, ga wani ɗan tafki a gabansa, ga dutsen Ciarforon da farar hularsa. Daga nan mafi yawan masu hawa ƙololuwar Gran Paradiso ke tashi, mita 4,061, dutse mafi tsayi da ke cikin Italiya gaba ɗayansa ba tare da raba shi da maƙwabta ba.

Da la'asar na zauna na karanta abin da na tara, sai na ga abin da ban so gani ba. Kusan duk awakin da na rubuta, ko dai kafin ƙarfe tara na safe ne, ko bayan takwas na dare. Tsakani fayau. Da farko na yi murna, na ce ai amsar ke nan, da rana ɓuya suke. Sai na sake tunani. Da rana me nake yi? Tafiya nake, kaina a sunkuye, idona a kan inda zan sa ƙafa. Daga bakwai zuwa takwas kuma, lokacin da rana ke sauka suna gangarowa kiwo, ina kan tebur ina jiran a kawo kwano na biyu, domin a masaukin dutse abincin dare sau ɗaya ake zubawa, kowa tare. Ƙarfe goma a kashe fitila. Littafin nan ba jadawalin awaki yake nunawa ba. Jadawalin kicin yake nunawa.

Na gaya wa ƙanena. Ya ce, "To Yaya, ka bar cin abincin mana." Na ce ya fara.

Abin da na yanke: daga gobe zan ƙara gida na shida, minti nawa na tsaya ina dubawa. Kuma in na duba ban ga komai ba, shi ma zan rubuta. Rashin gani ma bayani ne, in dai an san an duba.

17 ga Yuli, filin Nivolet

Masu hawa ƙololuwa sun tashi wajen ƙarfe huɗu, ƙarar ƙarafunansu ta tashe ni, na ce bari in ci riba. Na yafa rigar sanyi na zauna a kan dutse bayan tafki, ina kallon fitilun goshinsu sun yi layi suna hawa cikin duhu. Minti hamsin ban ga komai ba, yatsuna suka daina jin biro. Gari na fara wayewa sai ga gadar dutse huɗu a ƙasa da ni, fuska fara da baƙin zane daga ido zuwa hanci. Ban motsa ba, amma iska ta juya. Babbar ta ɗaga kai, ta buga ƙafa, ta yi wani huci mai kama da fito ta hanci, kafin in kai madubi ido sun haye gangaren da zai ci mini rabin awa.

Wannan ya gyara mini wani zato. Na ɗauka natsuwar bunsuran ranar farko duk daga daɗewa ba a harbe su ba ne. Akwai wannan, amma ita ma gadar ai ba a harbinta a nan. Bambancin a dabara yake. Ita gudu ne makaminta. Shi kuwa bango ne, in yana da dutse a bayansa ba ya ganin dalilin wahalar da kansa, sai ya hau taku kaɗan ya tsaya yana kallonka. Dabarar tana aiki a kan kyarkeci. A kan bindiga ita ta kusa ƙarar da su.

Mun gangara Pont, muka sake hawa ta wajen gicciyen Arolley, sai ƙasa ta buɗe: fili shimfiɗaɗɗe a sama da mita 2,400, rafi yana ta lanƙwasa a cikinsa kamar bai san inda za shi ba, shanu da ƙararrawa a wuya. A ƙarshen filin akwai titin mota da ya hauro daga ɓangaren Piemonte, don haka bayan kwana huɗu muka sake ganin mutane da takalman gari. Wata mata tana miƙa wa kurege biskit. Dokar gandun ta hana ciyar da dabbobi, kamar yadda ta hana tsinke fure, da tashin jirgi marar matuƙi, da shiga da kare sai a wasu hanyoyi ƙalilan. Na yi shiru, harshen ma ba ni da shi.

Tsayuwar gwaji ta farko, ƙarfe 1:10 zuwa 1:30, na bi gangaren yamma da madubi daga ƙasa har sama: babu. Ina rufe littafi sai fito guda ɗaya mai kaifi, kuregen da ke filin duk suka ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su. Mutanen nan suna cewa fito ɗaya na abin da ke sama ne, fito a jere na abin da ke tafe a ƙasa. Na ɗaga kai, ga gaggafa tana shawagi. Yau dai maganarsu ta fito.

18 ga Yuli, masaukin Benevolo

Ta tafkunan Rosset da Leità muka hau, ruwa shuɗi kamar an zuba baba, zuwa mashigar Rosset da ta ɗan haura mita 3,000. Tsayuwa uku, minti ashirin-ashirin. A ta biyu, ƙarfe 11:40, na samu abin da na zo nema: bunsurai biyar kwance a wani lungu mai fuskantar arewa, dab da ragowar dusar ƙanƙara, sama da inda nake zaune. Da tafiya nake da ban gan su ba har abada, launinsu da na dutsen ɗaya ne. Ƙaho ne ya motsa.

Muna cin guzuri a kan mashigar inuwa ta gifta a kanmu. Na zaci gaggafa ce, sai na ga wutsiyar, doguwa mai tsini kamar bakin mashi, fukafukai sirara, ƙirji ja-ja. Ungulu mai gemu. Ta wuce ƙasa da mu, a hankali, ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba, har na ga ɗan baƙin gemun a ƙarƙashin baki. Ƙanena da ya rantse ba zai taɓa biro ba, shi ya fizge littafin ya rubuta lokaci.

Faɗin fukafukanta yakan kusa mita uku. Abincinta ƙashi ne, mafi yawansa. Ƙarami ta haɗiye shi ɗungurungum, ruwan cikinta ya narkar da shi. Babba ta ɗauka sama ta sako a kan dutse ya farfashe. Jan ƙirjin nan ma ba halitta ba ne, fari ne asalinsa, ita ke zuwa ta yi wanka a taɓo mai ƙarfe, irin ruwan da muka gani a Eaux Rousses. An yi mata ƙazafin satar 'yan raguna har da jarirai, aka bi ta da bindiga da guba. A 1913, a wannan kwari na Rhêmes da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, aka harbe wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe a tsaunukan Alps. Sai a 1986 aka fara sako waɗanda aka rena a hannu, a kwarin Rauris na ƙasar Ostiriya, kuma sai a 1997 aka samu ɗan farko da aka ƙyanƙyashe a daji, a ɓangaren Faransa. Tsuntsuwar da ke jiran abin da hunturu ya kashe, dawowarta tana bukatar awakin su dawo tukuna.

Bayan duwatsun da ke kudu maso yamma Faransa ce, gandun Vanoise, wanda aka kafa a 1963. Awakin suna ƙetarawa su dawo ba mai tambayarsu takarda.

19 ga Yuli, Rhêmes-Notre-Dame

Mun sauko. Farce ɗaya ya yi baƙi. Dutsen Granta Parei yana bayanmu har muka shiga ƙauye. Barci.

3 ga Agusta

Na kwashe komai zuwa kwamfuta. Gaskiya mai ɗaci: kwana huɗun farko labari ne mai daɗi, amma ba su amsa komai ba, domin ban san minti nawa na duba ba. Layuka uku kuma tsayinsu abin shakka ne saboda agogo. Abin da zan iya tsayawa a kansa tsayuwa takwas ne kacal na kwana biyun ƙarshe, biyar daga ciki babu komai. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima, kuma kimar da ya ba ni ita ce da rana suna sama, a inuwa, kusa da ƙanƙara. Wannan kowa ya riga ya faɗa mini tun Fabrairu.

Na koma karatu don in ga yadda masu abin suke yi. Masu gadin gandun suna ƙirga awakin da tsari ɗaya tun 1956, kowa da yankinsa, a ranaku ɗaya, don kada a ƙirga garke sau biyu. Daga nan aka san adadin ya kusa 5,000 a 1993, sannan ya faɗo ƙwarai cikin shekarun da suka biyo, musamman saboda 'ya'yan da ba sa kai shekara. Wani bincike da aka yi da na'urorin wuya a nan da kuma gandun ƙasa na Suwizalan ya nuna cewa bayan wuni mai zafi awakin suna ƙara yawan kiwon dare. Ke nan wani ɓangare na amsar tambayata yana faruwa ne bayan an kashe fitilar masauki, ina ƙarƙashin bargo.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. Yau akwai awakin dutse sama da dubu 50 a tsaunukan Alps, kuma kusan dukkansu daga tsirarun nan na Gran Paradiso suka fito. Na Suwizalan ma sato su aka yi: a 1906 aka tsallako da 'yan ƙanana a ɓoye zuwa wani gidan dabbobi a St. Gallen, aka rene su, aka fara sakin zuriyarsu a 1911. Yawa ya dawo, amma jini ɗaya ne ke ta zagayawa, abin da ke sa masana fargabar ranar da wata cuta za ta shigo. Tsohon da ya sosa baya a gabana da wanda wani zai gani a Ostiriya 'yan gida ɗaya ne.

25 ga Agusta

Zagaye na biyu ya tabbata, mako na biyu na Satumba, kafin masaukai su rufe. Na canza tsari gaba ɗaya. Masauki biyu kawai, Sella da Benevolo, dare uku-uku, ba sauran ɗaukar jaka kullum. Wuraren tsayuwa huɗu a kowane kwari, na riga na sa musu alama a taswira da tsayinsu, don kada in dogara da agogo. Minti ashirin a kowanne, sau huɗu a wuni, har da ƙarfe bakwai na yamma. Na tambaya ko za a iya ɗaure mana abincin dare a takarda mu fita da shi, ɗaya ya amsa da to, ɗayan ina jira. Na sayi ɗan ma'aunin zafi da zan rataya a inuwa, gida na bakwai ke nan.

Ƙanena ya ce zai zo, amma tsayuwar asuba ba da shi ba. Saura safar hannu da za a iya riƙe biro da ita, har yanzu ban samu wadda ta yi ba.